TSUNTSUN DA AKA ƘERA DA BAKIN BINDIGA

Tun kaka da kakanni, idan magana ta yi wa baki nauyi, bisa bayan dabba ake aza ta. Tsohuwa mai tatsuniya ba ta kama sunan hakimin da haɗama ta yi wa yawa, sai ta ce kura. Ba ta kama sunan bafade mai baki biyu, sai ta ce gizo ko dila. Yara su yi dariya, manya su sunkuyar da kai, wanda aka yi dominsa kuwa ya ji a jikinsa, tun da mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Siyasa ma ba ta tsira ba. Dattawan da suka ga zaɓuɓɓukan ƙarshen mulkin mallaka a Nijar suna tune da cewa giwa ce alamar jam'iyyar RDA, raƙumi kuwa alamar Sawaba, kuma manomin da bai taɓa riƙa alƙalami ba yana rarrabe su tun daga nesa. Har yau kan sa na nan cikin tambarin ƙasa.

A wannan zamani an samu masu fasaha, a Afirka da wajenta, waɗanda suka ɗauki wannan tsohuwar dabara suka mai da ita aikin hannu. Suna siffanta dabba da tarkacen da suka tsinta: ƙarfe, ƙashi, ƙaho, tsumma, roba, leda, har da bindiga. Ana iya kiran sana'ar tasu fasahar haɗe-haɗe, domin kaya iri-iri ake gamawa cikin aiki guda. Wasu suna yi mata kallon wasan yara, wasu suna cewa juji ne aka raɗa wa suna mai daɗi. An yi gaggawar yanke wannan hukunci. Aikin da aka yi da gaskiya yana faɗin abin da jawabi da takardar doka suka kasa faɗi, kuma ya kamata hukuma da talakawa su san yadda ake karanta shi.

Harshe biyu cikin aiki guda

A shekarar 1942, a birnin Paris, mai fasaha Pablo Picasso, ɗan ƙasar Sipaniya, ya ɗauki tsohon sirdin keke da ƙarfen da ake riƙewa a tuƙa shi, ya gama su wuri guda. Sai ga kan bijimi da ƙahoninsa biyu. Wanda ya dube shi yana ganin sa, yana kuma ganin keke, babu wanda ya ɓoye ɗan'uwansa. A nan sirrin wannan sana'a yake. Mai sassaƙa na da yakan goge icce har a manta da icce, a ga doki kaɗai. Mai haɗe-haɗe kuwa da gangan yake barin kayan aikinsa a bayyane, domin su ma suna da abin faɗi.

Ke nan kowane aiki irin wannan da harshe biyu yake magana. Dabbar tana faɗin nata, abin da aka gina ta da shi yana faɗin nasa. Harshen dabba yakan sauya daga ƙasa zuwa ƙasa: mujiya da Bahaushe ke gudun kukanta, ita ce alamar hikima a wajen Turawa. Harshen kayan aiki kuwa ba ya bukatar tafinta. Ko'ina aka je, harsashi harsashi ne, ƙashi kuma ƙashi ne. Ma'aunin gwaninta shi ne a duba ko harsunan biyu suna amsa wa juna. Inda aka fi ganin haka a fili shi ne ƙasar Mozambik.

Iccen Rayuwa

Mozambik ta karɓi mulkin kanta daga hannun Fotugal ranar 25 ga watan Yuni 1975. Ba a jima ba yaƙin basasa ya ɓarke tsakanin gwamnatin Frelimo da ƴan tawayen Renamo, bai tsaya ba sai da aka sa hannu ga yarjejeniyar sulhu a birnin Roma ranar 4 ga watan Oktoba 1992. Mutum wajen miliyan 1 suka rasa rayukansu. Namun daji ma sun sha wuta: a gandun Gorongosa, fiye da kashi 90 cikin 100 na manyan dabbobi sun ƙare, wasu mayaƙa suka cinye, giwaye kuwa aka kashe su aka sayar da haurensu aka sayi makamai.

Da yaƙi ya ƙare, bindigogi ba su ƙare ba. Suna nan bizne cikin gonaki, ɓoye cikin rufin ɗaki, a hannun mutanen da yunwa ke iya tura su ga fashi. A shekarar 1995 Majalisar Kiristocin Mozambik, bisa jagorancin babban limamin coci Dinis Sengulane, ta ƙaddamar da wani shiri na mai da makamai su zama hauya. Wanda ya kawo bindiga ba a tambayarsa inda ya samo ta. A karɓa, a ba shi hauya, ko keken ɗinki, ko keken hawa, ko kayan gini. Cikin shekara 10 na farko an tara makamai da kayan yaƙi fiye da 600.000. Akan yayyanka su yadda ba za su sake harbi ba, sa'an nan a miƙa wani kashi ga masu fasaha na ƙungiyar Núcleo de Arte da ke Maputo, babban birnin ƙasar.

Daga cikin wannan tarkace ne mutum huɗu, wato Cristóvão Canhavato wanda aka fi sani da Kester, da Hilário Nhatugueja, da Fiel dos Santos, da Adelino Serafim Maté, suka ƙera wani icce a shekarar 2004. Tsawonsa mita 3 da rabi, nauyinsa wajen rabin tan. Gindinsa da rassansa da ganyensa duk gutsattsarin makamai ne aka yi wa walda. Suka kira shi Iccen Rayuwa. Amma ba su bar shi tsirara ba. Sun kewaye shi da halittu: ga tsuntsaye, ga kunkuru, ga ƙadangare, kowanne an haɗa shi da bakin bindiga, da kunamarta, da gidan harsashi.

Me ya sa suka zaɓi dabbobi suka bar mutane? Amsar ba ta da nisa. Duk mutumin da aka siffanta bayan yaƙin basasa, sai an tambaya na wane ɓangare ne. Hularsa, rigarsa, tsayuwarsa, kowanne yana iya tayar da tsohon miki. Tsuntsu kuwa ba shi da jam'iyya. Tsohon sojan Frelimo da tsohon mayaƙin Renamo suna iya tsayawa gabansa kafaɗa da kafaɗa, babu wanda zai ce an zage shi, babu kuma wanda zai tafi bai ji nauyi ba, domin kowannensu ya san ƙarfen da aka yi fiffiken nan da shi. Bayan haka, kowane manomi ya san tsuntsu ba ya sauka inda ake harbi, kunkuru kuma ba ya fid da kai sai wuri ya yi tsit. Dawowar dabba gindin icce ita ce shaidar da ta fi kowace takarda tabbatar da cewa lafiya ta samu. Bahaushe in ya ga ƙadangaren zai ƙara da nasa karatun, ya tuna cewa sai bango ya tsage yake samun wurin shiga. Wannan ma ya dace da labarin. Shekara uku kafin iccen, a 2001, Kester ya ƙera wata kujera da bindigogi, ana kiranta Karagar Makamai, kuma da aka bi asalin bindigogin, babu ko ɗaya da aka ƙera a Afirka. Daga waje aka shigo da su, ta tsagar da ƴan ƙasa suka buɗe da hannunsu.

Da an zuba wannan tsuntsu da tagulla, da ya zama abin ado. Da an tara bindigogin cikin ɗaki an rufe, da sun zama abin tsoro. Gamuwar biyun ita ce ta haifi magana.

Lokacin da mutum ya zama dabba

Dabba ba kullum take zuwa da bushara ba. A Afirka ta Kudu, cikin shekarun 1985 da 1986, lokacin da gwamnatin wariyar launin fata ta kafa dokar ta-ɓaci tana kame da kisa, wata ɗalibar jami'a a Johannesburg mai suna Jane Alexander ta yi wani aiki da sunansa ke nufin Samarin Mahauta. Mutum uku ne, girman mutum sosai, zaune bisa benci na katako. An gina jikinsu da farin ƙasar gyaran karaya, aka dasa musu ƙashi da ƙahon dabba na ainihi. Idanunsu baƙi ƙirin. Ba su da kunnuwa, bakinsu a toshe yake, bayansu kuma a tsage har ana ganin ƙashin gadon baya. Aikin yana cikin kayan gidan zane-zane na ƙasa da ke Cape Town.

Babu sunan kowa a jikinsu, babu kakin soja, babu tutar jam'iyya. Hukumar da ke hana jaridu magana ba ta da abin kamawa. Duk da haka wanda ya rayu cikin wannan zamani ya gane su da kallo ɗaya: ga abin da zalunci ke mai da ɗan Adam, ko mai riƙe da bulala ne, ko mai kallo ne da ya zaɓi kada ya ji, kada ya ce uffan. Zamansu ma magana ne. Ba sa gudu, ba sa faɗa, suna zaune ne kawai kamar masu jiran umurni. Duk wanda aka danƙa wa amanar jama'a, daga mai gadin ƙofa har mai sa hannu ga takarda, yana da abin koyo daga halittar da aka cire wa kunne da baki aka bar mata ƙaho.

Zomo daga juji

Misali na uku ya shafi wata annoba da ba ta da ƙarar harbi. Artur Bordalo, wanda ake kira Bordalo II, an haife shi a Lisbon cikin 1987. Yana bin juji yana kwasar fasassun robobi, da tsofaffin tayoyi, da ɓaraguzan motoci, yana gina manyan dabbobi da su a jikin bangon gidaje. A garin Vila Nova de Gaia, a arewacin Fotugal, ya kafa wani zomo mai tsawon bene a kusurwar gida cikin 2017. Daga nesa zomo ne mai kyan gani. In an matso sai a ga shara ce tsantsa. Manufarsa a fili take: ya gina dabba da abin da ke kashe ta.

Wannan magana ba baƙuwa ba ce a ƙasar makiyaya. Kowane mahauci a Maraɗi ko Tawa ko Damagaram ya san ƙullin leda da ake tararwa cikin tumbin akuya da saniya, dabbar tana ci tana ramewa har ta faɗi. Nijar ta kafa dokar hana irin wannan leda tun shekarar 2014, amma wanda ya bi bayan gari ya dubi ƙayoyi zai ga abin da suka yi fure da shi. Doka tana cikin takarda, takarda kuma tana cikin ofis. Jar akuyar Maraɗi da aka ɗinke da baƙar leda aka tsai da ita bakin kasuwar bisashe, kowa zai karanta ta, har wanda bai shiga ajin yaƙi da jahilci ba. Gani ya kori ji.

Ƙorafin da ake yi

Masu sukar wannan sana'a suna da hujjoji, kuma ya dace a saurare su. Na farko suna cewa abin na Turawa ne, ba shi da tushe a nan. Mai wannan magana ya manta da burtu. Maharbin ƙasar Hausa yakan ɗauki kan wannan tsuntsu, ko ya sassaƙa kamarsa da icce, ya lulluɓe shi da fata, ya manna masa jajayen ƴaƴan idon zakara, ya ɗaura a goshi, ya duƙa yana tafiya irin ta tsuntsun har ya kusanci nama. Icce, fata, ƙashi da iri cikin abu guda mai siffar dabba: haɗe-haɗe ke nan tun kafin a raɗa masa suna, kuma gidajen tarihi na Turai sun daɗe suna ajiye irinsa. Hannun ma bai mutu ba. Wanda ya shiga kasuwar Katako a Yamai zai ga yadda ake mai da tsohuwar ganga akwati ko murhu, a narka sanholon da aka yar a zuba tukunya. Yaran unguwa kuwa da waya da gwangwani da karan dawa suke ƙera motocinsu. Gwaninta tana nan, abin da ya rage shi ne a ba ta abin faɗi da wurin faɗinsa.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi. A ƙasar da mafi yawan jama'arta Musulmi ne, mutane da yawa suna ƙyamar siffanta abu mai rai. Hukuncin wannan na malamai ne, su ke da ikon iyakance shi. Abin lura shi ne sana'ar tana da faɗi, kuma ana iya kiran dabba ba tare da an tsai da gangar jikinta ba. Ƙaho, sawu, fata, akala ko gashin tsuntsu sun isa ishara. Abdoulaye Konaté na Mali, wanda aka haifa a Dire cikin 1953, ya kuma ci babbar kyautar bikin fasaha na Dakar a 1996, da ƙyallayen shadda yake aiki. Yakan jera su dubbai bisa juna a jikin babban zane, wasu ayyukansa har su yi kama da gashin tsuntsu, ga launi ga sheƙi.

Ƙorafi na uku gaskiya ne tsagwaronta: cikin wannan kasuwa akwai masu neman suna da kuɗi ta hanyar girgiza mutane kawai. Damien Hirst na Ingila ya sa an kamo masa wani ƙaton kifin teku a 1991, ya jiƙa shi cikin akwatin gilashi da ruwan magani mai hana ruɓewa, daga baya aka sayar da shi miliyoyin daloli. A wani nuni da ya yi a Landan cikin 2012, malam-buɗe-littafi fiye da 9.000 suka mutu cikin ɗakin kallo. Tazarar da ke tsakanin wannan da aikin Maputo a bayyane take. Can an kashe mai rai don a samu abin nuni, a Maputo kuwa abin kisa aka karya aka siffanta mai rai da shi. Haka nan raƙumin tagulla da ake zuba ɗari bisa zubi guda don masu yawon buɗe ido: sana'a ce ta halal mai ciyar da gida, ba a raina ta, amma ba ta faɗin kome game da fari, ko rijiyar da ta ƙafe, ko ayarin da mota ta gaje. Ba kowace dabbar ƙarfe ke ɗauke da saƙo ba.

Wa zai gani?

Akwai wani abin takaici cikin labarin Iccen Rayuwa. Gidan tarihi na British Museum da ƙungiyar agaji ta Christian Aid su ne suka ba da aikinsa, kuma a Landan aka kafa shi cikin 2005. Karagar Makamai ma can ta tafi. Ba laifin masu saye ba ne, sun ga abu mai daraja sun biya. Amma manomin da ya tono bindiga daga gonarsa ya miƙa, jikansa sai da biza da kuɗin jirgi zai ga tsuntsun da aka yi da ita. Ƙasar da ba ta sayen aikin ɗiyanta, wata rana a gidan wani za ta je kallon tarihinta.

Nijar ta san irin wannan hanya. Bayan yarjejeniyar sulhu ta 24 ga watan Afrilu 1995, an yi bikin Wutar Zaman Lafiya a Agadas ranar 25 ga watan Satumba 2000, inda aka ƙone bindigogi fiye da 1.000 gaban jama'a. Mali ta riga ta yi nata a Tumbuktu ranar 27 ga watan Maris 1996, ta kuma gina hasumiyar tunawa da ƙonannun bindigogi a jikinta. Ƙonawa ta yi daidai, sai dai wuta takan mutu, hayaƙi ya watse, yaron da aka haifa bayan haka sai labari. Darasin Mozambik shi ne a bar wa wannan yaro abin da zai gani da idonsa, ya taɓa da hannunsa. Ko sanannen iccen Tenere, wanda ayari ke kama hanya da shi, da mota ta kayar da shi a 1973, an kai gangarsa gidan tarihi na ƙasa a Yamai, aka kafa icce na ƙarfe a gurbinsa, domin an gane cewa wurin da babu alama mantuwa ke cinye shi.

Don haka akwai aiki gaban magabata, kuma ba mai tsada ba ne. Magadan gari da ke ƙawata mararraba da dandali su fara ba maƙera da dukawa da masu walda na garinsu aikin, su kuma bar su su zaɓi abin da za su faɗa. Gidan tarihi na Boubou Hama, wanda aka kafa a 1959, yake kuma da rumfunan masu sana'ar hannu, ya dace ya riƙa sayen ayyukan zamani yana ajiyewa, kafin dillalan waje su riga shi. Gidajen matasa da al'adu na jihohi su buɗe ƙofa ga irin wannan nuni, a rubuta bayanin kowane aiki da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da sauran harsunan ƙasa, yadda wanda ya fito ajin yaƙi da jahilci zai karanta da kansa. Duk lokacin da hukuma za ta lalata makaman da ta kama, ta ware wani kashi, bayan an yayyanka shi bisa idon jami'an tsaro, ta miƙa wa masu ƙira.

Abin siffantawa ba ya ƙarewa. Ga raƙuman dawa na Kure, waɗanda suka ragu har saura 49 a 1996 kafin kariya ta sa su sake yaɗuwa zuwa ɗaruruwa. Ga jimina da mariri da suka yi ƙaura daga dajin da aka san su. Ga saniyar da fari ya kayar, ga akuyar da leda ta kashe. Kowace daga cikinsu tana ɗauke da labarin mutanen da suka zauna da ita, kuma kayan da za a gina ta da su suna zube bakin hanya.

Kakanni sun aza wa kura da gizo maganar da ta fi ƙarfin baki, aka ji, aka gyara. Maƙerin yau da ya ɗauki bakin bindiga ya yi fiffike da shi, gadon nan ne yake riƙe da shi. Haƙƙinsa bisa jama'a shi ne a tsaya a duba da kyau kafin a yanke masa hukunci, haƙƙinsa bisa hukuma kuwa shi ne ta ba aikinsa wurin tsayawa a cikin ƙasarsa.